Hannun Ammatullahi Bai Kai Kunne Ba

Gomari, Maiduguri
3 ga Yuni, 2013

Zuwa ga taubashiyata, Hajiya Kaltum ta Abuja,

Assalamu alaikum. Wushe, sannu da aiki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da sanyin ofis. Mu nan lafiya, irin lafiyar da kike ji a rediyo. Tun da aka yanke mana layin waya, kusan mako uku ke nan, kowa ya koma biro da takarda. Dzarma direba, mai jigilar Abuja, shi zai miƙa miki wannan. Ki ba shi ruwa, ya wuce shingen sojoji fiye da talatin kafin ya iso gare ki.

Dalilin takardar godiya ce. Ki isar wa manyanki, ki ce wani mai sayar da hula a Kasuwar Monday ya cire hularsa ya gaishe su. Ajin yara ƙanana da ofishinku ya sa aka buɗe mana a Gomari ya kankama tun watan jiya. Ɗaki ɗaya ne a gefen firamare, an shafe shi da shuɗin fenti, an zana giwa a bango wadda ta fi kama da jaki mai mura. Yara arba'in, tabarmi sababbi, kofin kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai kowace safiya. Malamar kuwa Nnenna ce, 'yar gidan Anselm mai kayan mota. Nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, kuma da 'yan'uwanta suka tattara suka koma kudu ita ta ce ba inda za ta. Yara na ce mata Anti Nnenna. Ni kuma Bulama mai unguwa ya naɗa ni shugaban kwamitin iyaye, wai don na yi aji uku a sakandare kuma ina sa tabarau.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, Hajiya, na'urar ce. Takardarku ta ce daga ɗan shekara uku zuwa biyar, ba ƙari ba ragi. Madalla. Ranar ɗauka yara suka zo kusan ɗari da tamanin, rabinsu 'ya'yan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka da kayan jikinsu kawai. Wa zai tsaya neman takardar haihuwa ana harbi? Ina cikin tunanin yadda za a yi, sai jami'in da aka turo ya gyara babbar rigarsa ya ce yara su yi layi. Kowa ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar ka, ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya wuce biyar, a gaida gida. Wanda ya kasa, ga ƙwai.

Allah ya ƙara wa gwamnati basira! Na'ura ba batir, ba mai, ba a shigo da ita ta jirgi ba, kowane yaro da tasa ya fito daga cikin uwarsa. Ke kin fi kowa sanin ingancinta, tun da ita ce ta maido ki gida shekara biyu a jere kina kuka, ni kuwa da kika girme ni da wata bakwai na shige aji da dogon hannuna. Alƙibla ce kawai ta canza. A zamaninmu uwa tana addu'a hannun ɗanta ya kai. Ranar nan da idona na ga iyaye suna addu'a ya gaza.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Da aka dawo layi bayan salla, 'ya'ya mata duk sun sha sabon kitso, an tattara gashi an tula a tsakiyar ka kamar curin fura. Wani yaro da aka ce ya ɗaga hannu ya ce ai kafaɗarsa ciwo take tun jiya, uwarsa na gefe tana gyaɗa kai. Wani kuwa, gemu kaɗai ya rage masa, ya tsai da hannu a ƙeya yana nishi kamar mai ɗaga buhu.

Ni sana'ata auna kai ce. Shekara ashirin da biyu ina zagaya tef a kan mutane, daga na masinja har na kwamishina. Na san akwai ɗan shekara huɗu mai kan hakimi, akwai ɗan takwas mai kan goro. Abin da na'urarku ke aunawa ke nan, kai da hannu, shekaru kuwa suna gefe suna kallo. Amma wane ni in ja da masu ilimi?

Mai ɗakina tana gaisuwa, ta ce turaren wutan da ke cikin ƙunshin naki ne, kada Alhaji ya kai ofis.

Haza wassalam.
Naki, wanda hannunsa ya riga naki kaiwa,
Babakura


Abuja
14 ga Yuni, 2013

Zuwa ga Malam Babakura,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso tare da turaren, a gode wa mai ɗakinka. Kullum kunnenmu na kan labarin gida, zuciya ba ta kwanciya. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Na karanta yabonka, kuma na gane shi. Tun muna yara, in ka fara yabon tuwo na san miyar za ka zaga.

Bari in faɗa maka abin da ba a hangowa daga rumfar hula. Shekara uku muka yi muna bin ofis-ofis kafin a yarda a ware wa yara ƙanana wani abu daga kasafin ilimi. Duk inda muka shiga tambayar ɗaya ce: me ɗan shekara uku zai koya a aji wanda ba zai koya a gindin uwarsa ba? Muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya shiga firamare bai taɓa riƙe fensir ba, ba a taɓa zaunar da shi an karanta masa labari ba, ya tarar sa'o'insa sun yi masa nisa, kuma da yawa ba sa kamo su har abada. Da ƙyar aka ba mu na gwaji: aji talatin a duk arewa maso gabas, na shekara biyu. In masu duba aiki suka zo suka tarar da ƙarti a kan tabarmar 'yan shekara uku, za su rubuta cewa gidan abinci muka buɗe, a rufe shirin gaba ɗaya. Dalilin iyakar shekaru ke nan. Duk ɗan bakwai da ya zauna, wani ɗan uku ne ya koma gida.

Gwajin kunne ba ya cikin takardarmu. Jami'an da ke can ne suka ga babu wata hanya. Ban ce ina son sa ba. Amma waɗanda suka daɗe a aikin sun tabbatar min kuskurensa ba ya wuce 'yan watanni, ni kuma ba zan shiga wurin Darakta da kan hakimi da kan goro ba. Ofis ba kasuwa ba ne, daɗin baki ba ya ci a nan. In kana da hujja, kawo min yaro ɗaya tak wanda ka san shekarunsa tabbas, kuma gwajin ya yi masa babban kuskure. In babu, ka koma kan tef ɗinka.

Batun maido ni gida kuwa gaskiya ne. Sai dai ka manta ba ka rubuta inda dogon hannun ya kai ka ba, da inda gajeren ya kai ni.

Ka gaida kowa da kowa. Ku kiyaye dokar hana fita.

Wassalam,
Kaltum


Gomari
27 ga Yuni, 2013

Ya Kaltum,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki a rumfa, maƙwabcina ya tambaye ni me ya sa na dafe ƙirji. Na ce taubashiya ce ta harbo daga Abuja.

Kin ce in kawo yaro ɗaya. A kasuwa in mai saye ya ce "nuna min", ciniki ya faɗa. Ga ta nan.

Sunanta Ammatullahi, muna ce mata Amma. Uwarta Zainaba tana cikin matan da ke min ɗinkin hula. Daga wani ƙauye ta wajen Bama suka zo wata huɗu da suka wuce, suna zaune a ɗakin da ke bayan gidana. Ranar da yaran nan masu bindiga suka shiga garinsu, mijinta ya fita neman ƙanensa, har yau ba shi ba labarinsa. Ita kuwa ta shige rumbun gero da 'yar, ta toshe mata baki da tafin hannu tun hantsi har la'asar. Da ta cire hannun, maganar ba ta dawo ba. Haka yarinyar ta zo gidana, ba kuka, ba dariya, sai ido.

Ranar ɗauka Amma ta ɗora hannu, ya tsaya saura faɗin yatsu biyu ya kai kunne. Ba kitso, ba dabara, uwar ma ba ta san ana dabara ba. Jami'i ya dube ta ya ce, "Huɗu da rabi." Aka rubuta.

To ki gyara zama. An haifi Amma ranar da rana ta yi zazzaɓi, wadda hasken gari ya dushe da hantsi aka cika masallatai. Zainaba na naƙuda ana sallar husufi. Kin san shekarar, 2006 ce, ƙarshen watan Maris, don lokacin kin zo gida hutu har kika hana mu kallon sama. Ki lissafa da kanki: bakwai da wata uku. Ƙyanda ce ta kama ta tana ƙarama, yunwa ta ɗora daga inda ƙyanda ta tsaya, jiki ya ƙi tafiya. Na'urar da kuskurenta ba ya wuce 'yan watanni ta haɗiye mata kusan shekara uku ko tari ba ta yi ba.

Sai dai tun da na kayar da ke, bari in ba ki ɗan tukuici. Ni da na ɗauka ajin nan wurin cin ƙwai ne da waƙe-waƙe. Na sake tunani. Anti Nnenna ba ta taɓa matsa wa Amma ta yi magana ba. Ta zaunar da ita kusa da ƙafarta, ta ba ta yumɓu tana murzawa, in ana waƙa ta ƙyale ta da kallonta. Mako bakwai a haka. Ranar Alhamis da ta wuce tana rabon alli, yara sun yi mata caa, ta tsallake Amma ba ta lura ba. Sai ta ji an ja mata zani, wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Saura ni."

Da aka tashi, Nnenna ta zo gidana da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Zainaba ba ta yarda ba. Washegari ta ɗauki hular da take ɗinki ta je ta zauna a gindin tagar ajin, tana soka allura tana kasa kunne, har ta ji da kanta. Hular nan sai da aka warware rabinta. Yanzu yarinyar na da kalmomi kamar goma, kuma duk a cikin ɗakin nan take faɗinsu. A gida tukuna, sai dai in tana wanke kofi a ji tana gunguni da waƙar aji.

To ga hujja, da suna da rana da wata. Ki kai wa Darakta in kin isa.

A gaida Alhaji, a yi masa jaje, an kayar masa da mata.

Wassalam,
Babakura


Abuja
14 ga Agusta, 2013

Malam Babakura,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana cikin zaman lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aikin da takardarka ta jawo ne ya riƙe ni.

Ka ce in kai wa Darakta in na isa. Na isa, na kai. Na karanta masa labarin a gaban kwamiti, ban ambaci sunan yarinyar ko unguwar ba. Aka aika wasu ajujuwa biyar a bincika, aka sami irin wannan a uku. Sakamakon shi ne: daga zangon Satumba an hana gwajin kunne a duk ajujuwanmu talatin. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, uwarsa ko ubansa ko mai riƙonsa zai je kotu ya yi rantsuwar shekaru ya kawo takardar. Dokar ta shafi sababbi da waɗanda ke ciki. Mutanenmu na tsoron rantsuwa, don haka muna sa ran gaskiya za ta fito.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Kai abin dariya ka ɗauki maido ni gida. Ni har yau ina tuna warin allin da ke hannun hedimastan nan lokacin da ya danna min kai gefe wai ko hannun zai kai. Shekara biyu ina wanke-wanke ina jin ƙararrawar makaranta, ina ganin ka wuce da jaka. Da na shiga, ni ce babba a aji, ana ce min uwar aji. Ranar da aka sa hannu a wannan doka na rufe ƙofar ofis na yi raka'a biyu.

Na yi murna ƙwarai da yarinyar ta fara magana. Yanzu sai ta tafi aji ɗaya na firamare cikin sa'o'inta, inda ya kamata tana tun bara, kada a yi mata abin da aka yi min. Wurinta kuma ya koma ga wani ɗan uku.

Ka ci wannan karon, na sallama. Ka ga ashe surutun kasuwa ma yana da rana.

Wassalam,
Kaltum


Gomari
9 ga Satumba, 2013

Ya Kaltum,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yau ba ni da wasa da yawa, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Garin neman gira na tsone ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Dokarku ta iso. Kin ce mutanenmu na tsoron rantsuwa. Gaskiya ne, shi ya sa aka samo hanyar da ba sai an yi ta ba. A bakin kotu, gindin bishiyar dogon yaro, masu tafireta ne a jere. Ka faɗi suna, ka faɗi shekarar da ranka ke so, a buga, a shiga da takardar ciki, a fito da ita da hatimi. Ban ga Alƙur'ani ba, ban ga alƙali ba. Cikin mako ɗaya duk yaran Gomari suka zama 'yan huɗu. Akwai gidan da wa da ƙane suka fito da ranar haihuwa ɗaya, uwarsu ta ce ai tagwaye ne, ɗayan ne ya fi ci.

Batun firamare kuwa, na shiga ajin ɗaya na gani da idona. Yara ɗari da talatin a ƙasa, tun da an ƙara musu na makarantun da aka ƙone. Malami ɗaya ne da bulala, kuma ba mugunta ba ce, in bai ɗaga ta ba ko muryarsa ba zai ji ba. Na tambayi Anti Nnenna ra'ayinta. Ta ce, "Babakura, yarinyar da sai an yi tsit ake jin ta? A can ko ta yi magana ba wanda zai sani, sai ta daina. A ba ni ita shekara ɗaya kawai, in ta iya cewa a'a da ƙarfi ni da kaina zan kai ta." Sannan ta kalle ni ta ce, "Wai wa ya kai labarin nan Abuja?" Na ce iska. Ta ce, "Iskar tana sa tabarau?"

To na ce abin da baki ya ɓata, bari ƙafa ta gyara. Na je gindin bishiyar a matsayin mai riƙo, na sa aka buga 2008. Ni da nake cewa wallahi sau hamsin kafin azahar a kan hula, wannan ba ta yi min nauyi ba. Na kai wa Zainaba, na tarar tana ɗinki a ƙofar ɗaki. Ba ta karatun boko, sai na karanta mata, na ce sa hannunta kawai ya rage, ko ta dangwala yatsa.

Ta ce, "Alhaji, wace shekara ce wannan da ka faɗa?"

Na ce, "Shekara biyu bayan zazzaɓin rana."

Ta ci gaba da soka allura har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Ranar da aka haife ta, ubanta yana masallaci. Ya dawo da gudu ba takalmi, ya karɓe ta tun ba a gama wanke ta ba. Shekara bakwai saura kaɗan ya yi yana ɗaukarta a kafaɗa zuwa gona. Gida ya tafi, gero ya tafi, ko hotonsa ban fito da shi ba. Shekarun nan kaɗai na fito da su. Yanzu ka ce in dangwala a kan biyar ne. Biyun da za a cire, wurin wa zan bar su?"

Na ce, "Haba Zainaba, takarda ce kawai. Kowa ya yi. Matar liman ma ta yi."

Ta ce, "Akwai sunan Allah a kanta?"

Na duba. Na ce akwai.

Ta ce, "To in ya dawo ya tambaye ni, me zan ce? In ita ta girma ta iya karatun da kuke son ta iya, ta karanta, fa?"

Na kawo duk dabarar da na sani. Na taɓa sayar wa mai kan ashirin da uku hular ashirin da biyu, ya tafi yana godiya. Amma matar nan ta ninke takardar, ta miƙo min da hannu biyu, ta ce Allah ya saka min da alheri, ta koma kan ɗinkinta.

Ranar Litinin mai zuwa ake rufe karɓar takardu. Abin da nake roƙo ba shi da yawa: layi ɗaya daga ofishinku, da hatimi, cewa a bar wannan yarinya a ajin shekara ɗaya saboda lalura. Ke kika iya kalmomin. Ban taɓa roƙon ki komai ba sai kuɗin goro, wannan kuwa da gaske nake.

Wassalam,
Ƙaninki Babakura


Abuja
23 ga Satumba, 2013

Babakura,

Wa'alaikumus salam. Mun ji harin da aka kai wa matafiya a hanyar Damaturu, hankalina bai kwanta ba sai da na ga Dzarma da idona. Ya ce zai koma, iyalinsa na can. Allah ya tsare.

Sau biyu na shiga wurin Darakta. Na farko ya ce in rubuto a takarda. Na biyu ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in ya buɗe ƙofa don lalura, wane yaro ne a Borno yau ba shi da lalura? Ya ce masu duba aiki na zuwa a watan Nuwamba, kuma yarinya ɗaya mai shekara bakwai a rubuce ta isa a ce mun karya ƙa'idarmu da hannunmu. Na ce to sauran da suka zama 'yan huɗu a gindin bishiya fa? Ya ce su takardarsu ta cika. Kuma ba zan ɓoye maka ba, wurin Amma an riga an ba wata yarinya 'yar shekara uku da rabi, ita ma daga gudun hijira, ita ma ba uba. Ba zan iya cewa a tashe ta ba.

Na rubuta doka don masu tsoron Allah, sai ga shi mutum ɗaya tak ta kama, ita ce mai tsoron Allahn. Na ɗauka ina hana a yi wa wata abin da aka yi min ne. Ban tsaya na tambaya ko ciwonmu ɗaya ba ne.

Abin da ke hannuna na yi. Ga takarda a ciki zuwa ga hedimastan firamaren, da sa hannuna, na shaida shekarunta bakwai, na roƙa a zaunar da ita a gaba kusa da malami, a yi haƙuri da shirunta. Ka kai ta da kanka. Ka ce wa Zainaba ina gaishe ta, kuma ban ga laifinta ba. Ka ce wa Nnenna ta yafe min.

Kai ma ka daina cin kanka. Ni na ce ka kawo hujja.

Wassalam,
Yayarka Kaltum


Gomari
2 ga Oktoba, 2013

Ya Kaltum,

Sallama da gaisuwa. Dzarma ya iso lafiya, alhamdu lillahi.

Shekaranjiya na kai ta da kaina. Zainaba ta wanke mata riga ta goge. Hedimastan mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya karanta takardarki sau biyu. Ya ce ta yi kyau, amma daga ofishin yara ƙanana ta fito, shi kuwa nasa ofishin daban ne, kuma ajin ɗaya ya cika har taga. Ya ce takardar shekaru ya daina kallonta tun da ya ga inda ake buga ta. Hanya ɗaya ya yarda da ita, don ita ce ba a saye.

Ya ce, "Yarinya, ɗora hannu."

Ta ɗora. Ta miƙa iyakar ƙarfinta, har da ɗage, kamar tsawon ƙafa zai taimaka. Saura faɗin yatsa ɗaya. Ya shafa kanta ya ce, "Ƙarama ce, Alhaji. A dawo da ita baɗi."

Wata uku na kunu da ƙwai sun cike yatsa ɗaya, na auna da idon mai hula. Kunun da ƙwan kuwa suna ɗakin da ta yi wa girma.

A hanyar komawa muka bi ta gefen shuɗin ɗakin ana waƙa. Ta tsaya, na tsaya. Ni ma, ki rubuta ki ajiye, sai da aka gama waƙar na iya jan ta muka wuce.

A gaida Alhaji da yara. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Babakura

Af, ke da kika san ofisoshi, Hajiya: yatsan nan ɗaya da ya rage, wane ofishi aka ware wa kasafinsa?